Kafin ka sa damfa mai tauri a helikwaftarka, duba gudun farfelarka tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa masu tashin helikwaftar rimot, musamman na ɓangarenmu, su Ringim, Gumel, Kazaure, Gaya da Wudil. Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a tsakaninmu: da zarar mutum ya ce jirginsa na da nauyin jiki a sama, sai a ce masa ya cire damfar da ta zo da shi, wato zobban robar da ke cikin kan farfela, ya sa mai tauri. Ni dai ban yarda a riƙa ba kowa wannan shawarar ba. Taurin damfa da gudun farfela tare suke tafiya, kuma yadda akasarinmu ke tashi a nan, gudun da muke ba farfela bai kai na damfa mai tauri sosai ba.

Ga wanda bai taɓa kwance kan farfelarsa ba: akwai wani ƙarfe da ya ratsa kan daga wannan gefe zuwa wancan, shi ne sifindil, kuma a bakinsa biyu mariƙan fuka-fukai suke. A helikwafta samfurin T-Rex, inda lambar ke nuna girman jirgin, a 450 Pro kaurinsa milimita 4 ne, a 600 milimita 8, a 700 milimita 10. Wannan ƙarfen ba a jikin kan yake zaune kai tsaye ba, a cikin zobban roba yake kwance, hagu da dama. Su ne damfa. Aikinsu kusan irin na bushin babur ne, su bar ƙarfe ya ɗan motsa ba tare da ya bugi ɗan uwansa ba. Idan ka tura sandar rimot gaba, fuka-fukan ne ke fara karkata, su danna robar, sannan robar ta ja gangar jikin jirgin. Idan tana da laushi, jikin zai biyo baya da ɗan jinkiri, cikin natsuwa. Idan tana da tauri, jiki da fuka-fukai kusan tare suke juyawa, ya tsaya cak inda ka tsayar da shi.

Ana auna taurin da ma'aunin Shore A, shi ne lambar da kake gani a jikin leda, 70 ko 80 ko 90. Bayan su akwai wadda ba roba ba ce ma, busasshen filastik ne da ake kira POM ko Delrin, kusan ba ya lotsawa. Amfanin mai tauri a fili yake: jirgi na amsa umarni nan take, kuma idan ka fizge shi da ƙarfi fiffike ba ya sunkuyowa ƙasa ya sare bututun jela. Masu wasan juyi da kifewa a sama dole su so ta.

To amma su wane gudu suke tashi da shi? Mai 450 da ke wasan juyi yana sama da juyi 3,000 a minti ɗaya, mai 700 kuma yana wajen 2,000 zuwa 2,200. Mu fa? Batir ya yi tsada, caji sai an jira sola ko an kai shagon caji, saboda haka kowa na rage totur don batirinsa na 3S (mai sel uku) 2200mAh ya ƙara masa ko da minti ɗaya ne a kan biyar ko shidan da yake bayarwa. Babu laifi a wannan. Laifin shi ne ka rage gudu sannan ka ɗora damfa 90 a kai. Abin da za ka gani shi ne jirgin na tsaye a iska yana gyaɗa kai gaba da baya, ko yana rausaya gefe da gefe, ka rasa dalili. Dalilin kuwa, a ƙaramin gudu fuka-fukan ba su miƙe sosai ba, suna kaɗawa sama da ƙasa, robar da ya kamata ta shanye kaɗawar kuma ta ƙi lotsawa, sai ta miƙa ta ga gangar jiki. Jairo, na'urar da ke daidaita jirgin a sama, ya ji motsi ya yi gyara, gyaran ya dawo ta cikin kan mai tauri, abu ya zama zagaye.

Don haka fara da lissafi. Mota, wato injin lantarkin jirgin, mai 3500KV (juyi 3,500 a minti ga kowane bolt) a batir 3S, wato bolt 11.1, da ƙaramin giya mai haƙori 13 da babba mai haƙori 150: ka ninka 3500 da 11.1, ka ninka da 13, ka raba da 150, zai ba ka wajen 3,360. Cire kashi goma cikin ɗari saboda nauyin aiki, ka dawo kusan 3,000, kuma wannan idan totur na ƙarshe ne. Da giya mai haƙori 12 kana wajen 2,800. Idan kuma ka sauke totur zuwa kashi 75 ko 80, ka san kana ƙasa da haka nesa. A irin wannan gudun, ra'ayina ka zauna a 70, in ka matsa ka je 80. Kada ka yi tsalle daga 70 zuwa 90, balle filastik.

Wuri ɗaya ne ba na jayayya: kan DFC. A wannan ƙirar, hannayen da suka sauko daga mariƙin fiffike su ne ke jan saman farantin suwash (farantin da ke ƙarƙashin kan, mai karkata fuka-fukai) yana juyawa, kuma a kafe suke, ba sa lanƙwasa gefe. Idan sifindil na lilo a cikin roba mai laushi, duk lilon a kan waɗannan hannayen da ƙusoshinsu yake sauka, wata rana ɗaya ya karye ko ya fice a sama. Mai DFC ya sa damfar da kamfanin ya yi wa kan, mai tauri, ya kuma ba shi gudun da yake so. In batirinka ba zai ɗauki wannan gudun ba, kan za ka canza, ba robar ba.

Sau da yawa ma wanda ke kukan laushi ba tauri yake nema ba, sabuwar roba yake nema. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana kaiwa digiri 40, roba kuwa tana saki a zafi, ta kuma tsufa da wuri. Damfar da ta ji daidai da sanyin safiya a watan Janairu za ta ji lagwaf da azahar ɗin bazara, balle a ce jirgin ya yini a ɗaki mai rufin kwano. Ga ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta haɗu da giris ta zama kamar garin yashi, tana cin robar daga ciki. Cire fuka-fukan, ka kama mariƙan biyu, ka ɗaga ɗaya ka danna ɗaya. Lafiyayyar roba za ta yi maka gardama ta dawo da kanta. In ka ji wani ɗan fili da yake motsi babu turjiya kafin ya kama, ko ka ga baƙin gari a bakin ramin, ta mutu. Wata alamar ita ce fuka-fukai su riƙa rabuwa biyu a ido, ka daidaita yau, gobe su sake. Sa sabuwar 70 tukuna ka tashi, ka ji ko har yanzu kana son 80.

Haka batun sare jela. Kafin ka ɗora wa damfa laifi, duba ƙusar fiffike. Ka kwantar da jirgin a gefensa, fuka-fukai a miƙe: kada su faɗo da kansu, sai ka ɗan girgiza. In sun saki da yawa, saukar da ta ɗan yi ƙarfi a kan kunyar gero ta isa ta sa fiffike ya naɗe ya bugi bututun, kowace irin damfa ce a kai.

In ka yanke shawarar canzawa, yi aikin a kan tabarma ko farin ƙyalle a cikin ɗaki, domin washa mai kaurin milimita 0.1 in ta faɗi a rairayi ta tafi ke nan. Alanki biyu kake buƙata, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya kwance. Jera kayan yadda suka fito. Mirgina sifindil a kan gilashi ko madubi, in yana ɗingishi ya lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen sifindil a cikin damfa mai tauri girgiza ce zalla. Canza ɓangarorin biyu tare, kada ka haɗa tsohuwa da sabuwa. Shafa giris na silikon kaɗan a robar da jikin ƙarfen, iya abin da zai sa ya yi sheƙi, ka goge wanda ya fito waje don kada ya tara ƙura. Kada ka ɗebo giris ɗin injin ban ruwa ko baƙin mai, wasu robobin kumbura suke yi da shi. Boris ɗin da ke ɗaukar jan fiffike yana da faifai biyu da suka yi kama amma raminsu ya bambanta: mai faɗin rami yana ciki ta wajen kan, mai ƙaramin rami yana waje ta wajen fiffike. In ka juya su, mariƙin zai riƙa cijewa da zarar farfela ta ɗau gudu. Wanke ƙusoshin da sifirit su rabu da maiƙo, ɗigo ɗaya na Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana ƙusa kwancewa, a kan zaren, kada ya taɓa boris, ka ɗaure, ka bar shi ya kwana kafin ka tashi.

Siraran washa ɗin da ke tsakanin roba da mariƙi su ma hanya ce ta ƙara tauri ba tare da ka sayi komai ba. Ƙara milimita 0.1 ko 0.2 a kowane gefe, daidai wa daida, yana matse robar. Iyakarsa shi ne mariƙin ya ci gaba da juyawa sumul da yatsa. In ka ji yana ƙas-ƙas ko yana da nauyi, ka wuce gona da iri, sarbo, ƙaramin injin da ke karkata fuka-fukai, shi ne zai sha wahala ya yi zafi.

Na san wasu za su ce ai zoben roba na nan birjik a shagon kayan famfo da na injin ban ruwa. Gaskiya ne, kuma in girman ya yi daidai zai iya fitar da kai kunya na ɗan lokaci. Sai dai yawancin baƙaƙen zobban nan na kasuwa 70 ne, ba a rubuta komai a jikinsu, kuma bambancin rabin milimita a kauri ya isa ya canza yadda kan ke ji. Ba nan za ka samo 90 ba, ko da mai shago ya rantse.

Tashin gwaji kuma a fili mai tsabta, bayan an kwashe kara, ko filin ƙwallo kafin yara su taru, in sun taru a mayar da su bayanka nesa. Rage ƙarfin jairo na kan da maki biyar zuwa goma kafin ka ɗaga, ko wane irin jairo kake amfani da shi, Microbeast ko VBar ko Spirit. Ɗaga shi daidai ƙirji ka tsaya. In yana karkarwa da sauri, jairo ne, ƙara ragewa. In gyaɗa kai yake yi a hankali, ƙara gudun farfela da 100 zuwa 200. Ya daina, to ka gano amsar: ko ka zauna a wannan gudun ka haƙura da gajeren tashi, ko ka koma roba mai laushi. Abu ɗaya za ka canza a kowane tashi, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Akwai kuma lissafin aljihu. Duk dukan da roba ba ta shanye ba, sifindil da babban shaft da haƙoran sarbo ne ke karɓarsa, mu kuma kayan gyaranmu sai an yi oda an jira makonni kafin su iso Kano, sannan a saka su a motar haya zuwa gari. Idan za ka yi odar, haɗa 70 da 80 biyu-biyu da sifindil guda biyu a kunshi ɗaya. Ragowar robar ka ɗaure ta a leda, ka sa a gwangwani mai murfi, a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da rana da jarkar fetur.