Ranar da na kai Duna makaranta

Tun daren da ɓarayi suka haura katangarmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, suka kwashe batirin mota da tukunyar gas, har da takalmin da na bari a ƙofar ɗaki, na ce sai na ajiye kare. Na tuntuɓi liman, ya ce na gadi babu laifi, amma duk kwanon da ya sa wa baki a wanke sau 7. Na samo ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, yara suka raɗa masa Duna.

Wata 8 Duna ya zama ƙato, amma gadi sai dai a labari. Baƙon dare ya kaɗa masa jela, mai koko da ƙosai da ta shekara 10 tana shigowa gidan nan ita ce abokiyar gabarsa. Ya cinye silifas ƙafa 3, duk na hagu. Da na yi wa wani abokin kasuwata ɗan Asante ƙorafi a kasuwar Kejetia, sai ya ce akwai ƙungiyar masu karnuka da ke horo duk Asabar a wani fili wajen Ahodwo, in dai kare na da katin allurar rigakafin hauka. Na biya kuɗin mako 6 a dunƙule.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Maigida, auta na jiran kuɗin littafi, kai kuma kare za ka kai boko?" Na ce mata karen bana shi ke maganin zomon bana. Ta ce Allah ya ba da ilimi mai amfani.

Yaron trotro, wato motar haya, ko saurarona bai yi ba. Ƙarshe aboboyaa, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, na ɗauka shata, ni da Duna a baya kamar buhunan gawayi, ina sanye da farin kaftani saboda na ji an ce unguwar manya ce. Duk majalisar da muka wuce sai an miƙe an kalle mu.

A filin na tarar da karnuka 11, kowanne da igiya mai ƙyalli. Akwai wani jibgege, irin Afirka ta Kudu da ake kira Boerboel, kansa kamar turmin sakwara, wata 'yar siririyar mata ce ke riƙe da shi da yatsa biyu. Duna kuwa igiyar ragon layyar bara ce a wuyansa.

Mai horon ya jera mu, ya ce kare a hagu, lada a hannu. Da kare ya yi abin da aka ce, a ba shi ladar nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in an makara ba zai san abin da aka biya shi ba. Kuma kalma ɗaya tak ga kowane umarni, da kowane harshe ne, kada a canza. Nan jikina ya yi sanyi. A gidanmu ni ina cewa "zauna", yara na yi masa Turanci, ɗan hayarmu na cewa "tena ase" da Twi, Hajiya kuwa tsaki kawai take yi. Ashe bawan Allah harshe huɗu ake masa, ya zaɓi ya ƙi duka.

Aka ce kowa ya zaunar da karensa. Guda 11 suka zauna kamar 'yan makarantar allo sun hango bulala. Na ce, "Duna, zauna." Ya dube ni. Na ce, "Zauna mana, don girman Allah, kada ka kunyata ni cikin mutane." Mai horon ya ce wannan ba umarni ba ne, roƙo ne. Ya ɗaga ɗan guntun biskit saman hancin Duna, ya ja shi baya kaɗan, kai ya bi hannu, gindi ya sauka ƙasa da kansa. Wata 8 ina fama, mutumin nan ko gumi bai yi ba.

Sai aka zo darasin jira: ka zaunar da kare, ka saki igiya, ka ja da baya taku 5. To ni da aka ce a zo da lada, ban ga dalilin sayen biskit ɗin kanti ba. Chichinga, wato tsire, na saya tun dare, na sidi 20, da yaji da albasa, na naɗe a jarida na cusa a aljihun kaftani. Rana ta buga shi, mai ya fara naso. Ina zaro ƙullin nan iska ta juya.

Na fara ganin kunnuwa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Jibgegen nan ne ya fara tasowa, ba gudu ba, tafiyar ƙasaita irin ta mai karɓar haraji. Sauran suka biyo shi. An sha gaya mini kada a gudu a gaban kare, amma ƙafafuna ba su halarci wannan darasin ba. Na tattare kaftani na zuba a guje ina salati, hula ta yi nata wuri, masu karnuka na ta ihu da Turanci da Twi. Na zagaya ragar ƙwallo sau 2 kafin hankali ya dawo mini na jefar da ƙullin. Jibgegen bai gamsu ba, sai da ya dafa ni ƙasa ya lashe aljihun tas, ya haɗa da rabin gemuna.

Da na ɗago, kare ɗaya ne kawai ke zaune inda aka bar shi: Duna. Ya san chichinga ba ya taɓa isowa gare shi a gida, bai ga abin wahala ba. Mai horon ya yaba masa a gaban kowa, ni kuma ya yi mini faɗa cewa albasa guba ce ga kare.

Kafin Magariba labari ya riga ni zuwa masallaci, mai aboboyaa ya yi aikinsa. Na matsa kusa da liman na tambaye shi a hankali ko gemu ma sau 7 ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Alhaji, saura mako nawa?" Na ce 5.