Sun kori sarkin Ingila amma littattafansa suka ci gaba da karantawa

Jiya da daddare a majalisa gardama ta kaure, wani abokinmu ya kafe wai Amurkawa su dama can haka Allah ya yi su, komai nasu ne, ba su taɓa kwaikwayon kowa ba. Na yi shiru a wajen don shayina na hucewa, amma maganar ta tsaya mun a rai, toh bari in amayar da ita a nan.

Sun ayyana 'yancin kai a 1776, eh, amma wlh an fi shekara arba'in bayan nan kawunan masu karatunsu na Landan. Har a 1820 wani Bature ɗan Ingila, Sydney Smith, ya yi musu gori a mujallar Edinburgh Review, yake tambaya wai a duk faɗin duniya wa ke karanta littafin Ba'amurke? Abin ya yi musu ciwo sosai, kuma da gaskiyarsa. A shekarar ne James Fenimore Cooper ya fitar da littafinsa na farko, Precaution, labarin manyan gidajen Ingila da neman aure irin nasu, ya kwaikwayi salonsu tsaf. Masu zane ma haka, duk wanda hannunsa ya faɗa sai ya haɗa kayansa ya hau jirgin ruwa. Benjamin West ɗan Pennsylvania ta Amurka ne amma a Landan ya ƙare, har ya zama shugaban Royal Academy, babbar ƙungiyar masu zane ta Ingila, a 1792, John Singleton Copley shi ma ya bar Boston a 1774 bai sake komawa ba.

Mutane suna cewa raina kai ne ya jawo, ni kuma ina ganin harda maganar kuɗi, kuma ita ce ba a cika faɗa ba. Dokar haƙƙin mallaka da suka yi a 1790 'yan ƙasa da mazauna ƙasar kawai ta kare, kenan mai ɗab'i a Philadelphia ko New York zai ɗauko sabon littafin marubutan Birtaniya irin su Walter Scott ko Charles Dickens da jirgi ya kawo, ya buga abinsa ya sayar da araha ko sisi bai biya mai shi ba, toh don Allah me zai sa ya biya wani yaro ɗan gida da ba wanda ya san sunansa? Ga na banza ga na kuɗi. Dickens da kansa ya zo a 1842 ya yi ta ƙorafi a wajen liyafa, jaridu suka yi masa caa wai ya cika son abin duniya.

Kuma ko waɗanda suka fara ɓalle ƙofar, da aro suka fara. Rip Van Winkle na Washington Irving, mutumin nan da ya yi barcin shekara ashirin a kan dutse ya farka ya tarar an cire hoton sarki George a ƙofar masauki an mai da shi na George Washington, shugaban Amurka na farko, asalinsa tatsuniyar Jamusawa ce, kuma a Ingila Irving yake zaune lokacin da ya rubuta. Abin da ya yi shine ya ɗauke ta ya dasa a duwatsun Catskill, ya sa mata mutanen ƙauyen da ya sani. Ni ban ga abin kunya a nan ba sam. A 1837 marubucinsu Ralph Waldo Emerson ya tsaya a jami'ar Harvard ya ce musu sauraron Turai ya isa haka, amma fa kafin ya faɗa wasu sun riga sun fara aikin.

Wajen zane ne abin ya fi burge ni. Thomas Cole, wanda shi kansa haifaffen Ingila ne, ya bi kogin Hudson a 1825 ya fara zana daji da duwatsu da ruwa, abin da Turai ba ta da irinsa. Ku nemi zanensa na 1836, The Oxbow, ku buɗe shi a waya ku ja shi da yatsa. Ɓangaren hagu hadari ne baƙi ƙirin da kurmi da karyayyar bishiya, dama kuma rana ta fito, gonaki a share, kogi ya yi lanƙwasa kaman baka. In ka zuƙo can ƙasa tsakiya za ka ga shi mai zanen ɗan mitsitsi a cikin duwatsu da lemarsa a gefe, ya waigo yana kallonka. Na daɗe ina kallon wajen nan.

Sai dai akwai abin da ke ɗan sosa mun rai. Wannan dajin da suke zanawa kaman ba kowa a ciki, ai da masu shi. A 1830 aka sa hannu a dokar tashin 'yan asalin ƙasar, zuwa 1838 ana kora ƙabilar Cherokee yamma a ƙafa suna mutuwa a hanya, shi kuma Cooper tun 1826 ya sa wa littafinsa suna The Last of the Mohicans, wato na ƙarshe a ƙabilar Mohican, alhali mutanen suna nan da ransu. Ga kuma bayi. Phillis Wheatley da aka sato daga Afirka ta Yamma tana yarinya, sai a Landan aka buga waƙoƙinta a 1773. Omar ibn Said, malami daga Futa Toro ta bakin kogin Senegal, yana cikin bauta a North Carolina ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya buɗe da suratul Mulk. Wannan ma ai rubutun Amurka ne, ba dai a ƙirga shi ba a lokacin.

Abokina zai ce ai daga baya sun yi zarra. Sun yi, littafin Moby-Dick na Herman Melville a 1851, Walt Whitman a 1855 da kuɗin aljihunsa ya buga littafin waƙoƙinsa. Amma Melville bai ci moriyar komai ba, littafin bai yi kasuwa ba, ya koma aikin kwastan a tashar jirgin ruwan New York shekara goma sha tara. Dokar da ta hana satar littattafan waje sai a 1891 ta zo, shekarar da ya mutu kenan.