Kawu Bakano a Computer Village

Ranar Asabar ce, a wani ɗan shago da ke titin Otigba, cikin Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Mai shagon Bazazzagi ne, kowa Injiniya yake ce masa. Sai ga Kawu Bakano, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, da ɗan ƙanwarsa Auta a bayansa ɗauke da buhu. Tun daga ƙarƙashin gada hannun Kawu yake dafe da aljihu.

INJINIYA: A'a, yau Kanawa ne a shagona? Yaro, rufe durowar kuɗi.

KAWU: Me ke cikinta, Bazazzagi, ban da rasit? Yaron nan ne ya ci jarrabawa, na yi suɓul da baka a gaban uwarsa. Kwamfutar gem yake so.

INJINIYA: Nawa aka ware?

KAWU: Kai za ka fara faɗa, ni in taya.

INJINIYA: Alhaji, sai na san kuɗin zan san abin haɗawa.

KAWU: Naira 250,000. Da kuɗin motar komawa a ciki.

INJINIYA: To a manta da sabuwa, katin hoto kaɗai zai lashe wannan ya nemi ƙari. Tokunbo za mu bi. Ga wannan Dell OptiPlex, Core i5 ce, ta gama aikin ofis a Turai aka yi mata ritaya. Doguwar za mu ɗauka, siririyar kati ba ya samun wurin zama.

KAWU: Siririyar ta fi araha?

INJINIYA: Ta fi.

KAWU: A matsa katin ya shiga. Mu bakwai muka zauna a kujerar danfo yanzu, wa ya mutu?

AUTA: Kawu, don Allah.

INJINIYA: Sai RAM, mai riƙe aikin da ake cikin yi, gig 8 guda biyu. Sai SSD, ma'ajiya mai sauri, don kada yaro ya kunna da hantsi ta buɗe da azahar.

KAWU: Me ya sa biyu? Sa ɗaya ta yi haƙuri.

INJINIYA: Alhaji, in tirela ta iso Mile 12, ɗan dako ɗaya kake sa wa ko biyu?

KAWU: Ɗaya. In tsaya a kansa.

INJINIYA: Allah Ya jiƙan 'yan dako. Me ke cikin buhun nan?

KAWU: Allo. Ba sai mun saya ba.

Auta ya kwance buhu yana sunkuyar da kai. Tsohuwar talabijin ce mai doro, an ɗaure eriyarta da ƙyauro, ɓawon albasa manne a gilashin.

INJINIYA: Ina zan soka wayar HDMI, mai kai hoto allo, a nan?

KAWU: Huda mata. Da ita na kalli Atlanta 96, Kanu ya ci Brazil biyu a cikinta. Wace gem ce ta fi wannan?

Ana cikin haka Ɗan Birni ya leƙo, irin waɗanda ke tare mutum tun a bakin titi, da wani abu naɗe a jarida.

ƊAN BIRNI: Alaji na! Katin hoto, RX 580, gig 8, London yus. Wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi, wasiƙa kawai take bugawa. Rabin kuɗi.

KAWU: Ka ji ɗan albarka. Injiniya, kai me za ka ba mu?

INJINIYA: GTX 1650, gig 4.

KAWU: Takwas da huɗu! Ko ban yi boko ba ai na iya wannan.

INJINIYA: Tsaya ka ji. Nawa wat 75 yake ci, daga jikin allon uwa na cikin kwamfutar yake shan wutarsa, ba ya neman wata waya. Nasa yana neman wajen 185, da waya mai baki takwas wadda akwatin wutar Dell ɗin nan ba shi da ita. Kuma irinsu ne aka yi ta haƙar kirifto da su dare da rana, sai da Ethereum ta daina haƙa a 2022 aka juye su kasuwa. Dubi fankar, ka taɓa ganin wasiƙa ta ƙona roba haka? Kawo mu ɗora masa gem na rabin awa, mu ga zafinsa.

ƊAN BIRNI: Gwaji? Ina zuwa, an kira ni.

KAWU: Wayarka ba ta yi ƙara ba.

Kafin a rufe baki ya ɓace cikin masu tallar caja.

KAWU: Ka kore mini araha. To wancan akwatin fa, mai gilashi, mai fitilu kore da ja?

INJINIYA: Ado ne. Ba ya ƙara gudu ko na sisi, kuma kayan Dell ba sa zama daidai a cikinsa. Gara ka sa kuɗin a UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ka san wutar unguwarku.

KAWU: UPS ana ganinsa?

INJINIYA: A ƙarƙashin tebur yake zama.

KAWU: In kashe kuɗi a abin da baƙo ba zai gani ba? Liƙa mata fitilun a waje. In an ɗauke wuta akwai janareta.

INJINIYA: Kafin ka ja igiya ta mutu, wata rana ta tafi da SSD.

KAWU: Auta yana da sauri.

Aka yi ciniki har la'asar. Kawu ya fita sau uku yana cewa a bar shi, ba wanda ya kira shi, ya dawo da kansa. Daga ƙarshe aka ɗauki allo tokunbo mai tabo a kusurwa, aka haɗa komai, Injiniya ya buɗe gem ɗin ƙwallo na eFootball.

KAWU: Wannan kuma nawa?

INJINIYA: Kyauta ce, sai kuɗin data.

KAWU: Kyauta? Miƙo abin dannawar. Ina Kano Pillars?

AUTA: Babu su a ciki, Kawu.

KAWU: A rage dubu goma.

Auta ya zura masa shida. Kawu ya cire hula, ya ce a sake. Yaran shaguna suka cika ƙofa, wani yana tambaya ko zai buga in ya biya. Kawu ya daina danne-danne, ya ƙirga kawunan da ke ƙofa, leɓensa yana motsi.

KAWU: Injiniya, kawo UPS ɗin. Kada wuta ta katse wa kwastoma wasa. A rumfata za a ajiye ta, naira 200 duk wasa.

AUTA: Kawu, ai tawa ce!

KAWU: Wa ya ce ba taka ba ce? Kai ɗan gida ne, 150.