An ƙwace bulala, an bar malami hannu Rabbana

Tun da gwamnatin Legas ta sake jaddada cewa haramcin dukan ɗalibai da ta kafa a 2022 yana nan daram, tsohuwar gardamar nan ta sake tashi a zaurukan WhatsApp na iyaye da malamai. Masu kewar dorina sun fito da waƙarsu ta kullum: Bature ya hana duka, shi ya sa yara suka lalace, mu da aka zane ga mu nan mun zama mutane. Haka aka yi a 2017 lokacin da Nasarawa ta hana duka bayan wani bidiyon zane ɗalibai ya karaɗe gari. Shekaru sun shuɗe, maganar ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Batun Bature ɗin ma ba gaskiya ba ne. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tun 1977 cewa dukan ɗalibi a makaranta bai saɓa wa tsarin mulki ba, kuma har yau akwai jihohi irin su Misisipi da Tekzas da doka ta yarda a tsula wa yaro katako a ɗuwawu. Wata gundumar makarantu a jihar Mizuri ma dawo da dukan ta yi a 2022. Ashe su ma suna da nasu masu kewar bulalar. Bambancinsu da mu shi ne, waɗanda suka ajiye ta a can sun zauna sun gina abin da zai maye gurbinta.

Abin da suka gina suna kiransa PBIS a taƙaice, wato tsarin da makaranta gaba ɗayanta ke haɗa kai wajen koyar da ɗabi'a tagari. Malaman Jami'ar Oregon, George Sugai da Robert Horner, su ne kan gaba wajen tsara shi. Dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman ta 1997 ta ba shi gindin zama, a 1998 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar da ke horar da jihohi a kansa, yau makarantu sama da 25,000 ke bin sa. Tushensa magana ce da kowace uwa ta sani: ladabi koyar da shi ake yi, kamar karatu. Idan yaro bai iya haɗa baƙi ba, sake koya masa ake yi. To me ya sa idan bai iya bin layi ba sai tsumagiya?

Makaranta kan zaɓi ƙa'idoji uku zuwa biyar, gajeru, irin su girmama mutane, kiyaye lafiya, riƙe amana. Sai a kwashi yara a kai su kowane wuri, aji, baranda, banɗaki, filin wasa, a nuna musu a aikace yadda ƙa'idar take a wannan wurin. Wanda aka gani ya yi daidai a yaba masa nan take, a kuma faɗi abin da ya yi. Wanda ya karya doka akwai hukunci, amma hukunci ɗaya ne ko a hannun wane malami ya faɗa. Lissafinsu shi ne wannan kaɗai kan ishi kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibai. Wajen kashi 15 sai an ƙara musu kulawa, misali yaro ya riƙa zuwa wurin wani malami da safe da kuma lokacin tashi da katin da aka rubuta yadda ya wuni. Ragowar kashi 5 kowa da nasa shirin, da iyayensa a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne rubutu. Duk yaron da aka tura ofis sai an cike takarda: me ya yi, a ina, ƙarfe nawa, me ake jin ya tunzura shi. Duk wata kwamitin malamai ya zauna ya duba. Idan aka ga rabin faɗace-faɗacen a bakin famfo suke faruwa lokacin tara, famfon ake gyara wa tsari, a sa malami ya tsaya a wurin.

Na tuna wata safiya da na kai ɗana makaranta. A bakin get yara kusan ashirin a durƙushe, hannu a sama, malamin da ke kan aiki yana bi yana rabon biyar-biyar. Na ce, "Malam, ba waɗannan na gani jiya ba?" Ya share gumi ya ce, "Su ne, Alhaji. Kullum su ne, ba sa ji." Wata yarinya a ƙarshen layi har da sauran kullun ƙosai a gefen hijabinta. Ita wannan ko shekara za a yi ana zane ta, gobe ma sai ta gama talla za ta zo. An bar jaki ana dukan taiki. Maganin da ake sha kullum ciwo bai tafi ba, a wane asibiti ake ci gaba da ba da shi? Kuma masu cewa duka ne ya mai da su mutane, ban taɓa jin sun ƙirga abokan ajinsu da suka gudu daga makaranta a aji uku ba su ƙara dawowa ba.

Masu cewa yabon yaro cin hanci ne, su fara mayar da albashinsu tukuna. Masu ganin alewa da tafi kawai sun isa gyara yaro, su ma ba su taɓa tsayawa gaban aji mai yara ɗari ba.

Sai dai haushina ya fi yawa a kan masu fitar da takardar hani daga ma'aikata su koma ofis mai sanyi. A tsarin PBIS ba a ma farawa sai kashi 80 cikin 100 na ma'aikatan makarantar sun amince, har da maigadi da mai shara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gunduma ce ke ware kuɗin horo, ta naɗa mai bibiya da zai riƙa zagaya makarantu, kuma sun san sai an yi shekara uku zuwa biyar kafin abin ya kama ƙasa. Gwajin da Catherine Bradshaw da abokan aikinta suka yi a makarantun firamare 37 na jihar Merilan shekara biyar aka yi ana bin sa, kafin aka tabbatar da cewa dakatar da ɗalibai da tura su ofis sun ragu a makarantun da aka horar. Nowe da Niyu Zilan sun ɗauki tsarin sun daidaita shi da nasu yanayin. Mu kuwa sanarwa ɗaya a rediyo, shi ke nan an gama gyara tarbiyya. Ko sashe na 55 na kundin Penal Code, wato dokar laifuffuka ta Arewa, wanda ya ba malami damar hora yaro, yana nan ba a taɓa shi ba. Malami ya rasa wadda zai bi, doka ko sanarwa, sai ya ɓoye bulalar a bayan allo, ya fito da ita idan sufeto ya tafi. Wani kuma ya naɗe hannu ya ce tunda an hana, kowa ya yi abin da ya ga dama. Daga nan sai masu dorina su ce kun gani ko?

Ba na cewa a kwaso takardun Oregon a jibge wa hedimastan da ko alli sai ya saya da kuɗinsa. Amma littafin rubuta laifuffuka ba ya buƙatar kwamfuta, kuma ƙa'idoji uku da Hausa a jikin bango ba sa buƙatar tallafin ƙasashen waje. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2024. Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, SUBEB, ta zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya, ta horar da malamanta baki ɗaya, ta jawo kwamitocin al'umma masu kula da makarantu, wato SBMC, ta ba sakataren ilimi mutum biyu da babur su riƙa zagayawa. Bayan shekara uku a buɗe littafin a ƙirga mana yara nawa ke durƙuso a bakin get.