Ku zuba kifi, mu tace da gidan sauro

To, an yi bukin zuba 'ya'yan kifi a tabki an watse. Kun dai ga hotunan: kat-kat uku, rumfa, manya sun naɗe hannun babbar riga suna juye bokitin 'ya'yan kifi a tabki, ana tafi. Madalla. Sati bai cika biyu ba na bi ta kasuwar Dole, na tarar da wata baiwar Allah da tire cike da karfasa, kowace ba ta kai ɗan yatsana ba. Na ce, "Hajiya, wannan kifi ne ko fara?" Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, abin da aka kawo mana ke nan." Kuma duk Damagaram babu wanda bai san da me ake kamo irinsu ba. Gidan sauron da aka raba don mai ciki da jariri, shi ya koma koma.

Da na faɗi haka jiya, wani ɗan boko ya faɗo mini: "Malam, ai ko Turawa ƙyanƙyasar kifin salmon suke yi su zuba a kogi." Ranka ya daɗe, tunda kai ka ɗauko salmon, gyara zama.

Salmon a ƙoramar ruwan sanyi ake haifarsa, ya gangara teku ya girma, sannan ya juyo ya hau ruwa, yana bin ƙamshin ƙoramar da ya fito har ya same ta. Macen ba ta zuba ƙwai ko'ina. Tsakuwa take nema, mai tsabta, ta fiffita ta da wutsiya ta yi gurbi, ta saka ƙwai ta rufe. Ruwan da ke ratsa tsakuwar shi ke kai wa ƙwan iska. Aka sare itatuwan bakin ƙorama, laka ta gangaro ta toshe tsakuwar, ƙwai ya mutu a wurin. Inuwa ta tafi, ruwa ya yi ɗumi, 'ya'yan su galabaita. Ɗan uwansa turawut ma haka yake, ba ya shiri da ruwan ɗumi ko kaɗan. Ka ga a nan ina maganar bokiti? Wurin haihuwa ne, malam. Wurin haihuwa.

A Amurka sun gina madatsar Grand Coulee a kogin Kolombiya, aka gama a 1942, ba a bar wa kifi hanyar hawa ba. Salmon na saman madatsar ya ƙare ƙaf. Fiye da shekara ɗari suna ƙyanƙyasa suna zubawa a wannan kogin, da kuɗin da mu ko a mafarki ba mu ƙirga ba, har yau wasu irin salmon ɗinsa suna jerin masu shirin ɓacewa. Amma a kogin Elwha, da suka rushe madatsu biyu tsakanin 2011 da 2014, kifi da kansa ya hau inda kakanninsa suka yi ƙwai. A kogin Klamath sun cire huɗu, aka kammala a 2024, cikin makonni aka ga salmon a sama. Babu wanda ya buga masa ganga. Hanya kawai aka buɗe masa.

Za ku ce ina ruwanmu da kifin ƙanƙara. To mu dawo gida. Tarwada sai damina ta yi, ruwa ya malala cikin ciyawar gefe, can take shiga ta yi ƙwai. Karfasa namijin ke share gurbi a ruwa marar zurfi, macen ta kwashe ƙwan ta riƙe a baki har su ƙyanƙyashe. Ka kama uwa guda a wannan lokacin, gida guda ka soya. Yanzu je ka dubi gefen tabkunanmu. An yi lambu har cikin ruwa, injin ban ruwa na zuƙa dare da rana, ragowar maganin feshi na gangarawa, rairayi na cikewa, kacalla ta cinye sauran. Ina tarwada za ta haihu, a kan kujerar buki? Ku tambayi masuntan Gidimuni, waɗanda suka tsufa a kan ruwa, su gaya muku girman kifin da suka saba ɗagawa da na yau. Ku tambayi na Komadugu abin da ambaliya ta zama tun da aka tare ruwa a Tiga da Challawa can Kano.

Na san waƙar: talauci ne. Eh, talauci ne, ni ma ba daga Faransa nake rubutu ba. Amma talaucin ne ya sa ya kamata a bar kifi ya kai na jikka, maimakon a tace shi yana na dala. Wani ya ce canjin yanayi. Na ji. Canjin yanayin ne ya ɗinke gidan sauro biyu ya shiga ruwa da su?

Wallahi ba don in ci mutuncin kowa nake wannan ba. Abin na ci mini rai. Da, sarkin ruwa in ya ce an rufe tabki, an rufe, ko ɗansa bai isa ya jefa ƙugiya ba sai ranar su, ranar da ake buɗe wa kowa kamun kifi. Wata uku na damina kawai, a bar ruwa ya huta, a hana raga mai ƙananan ido, a bar 'yar tazara tsakanin lambu da bakin ruwa. Wannan ba ya cin ko sefa. Wataƙila laifinsa ke nan, ba ya hoto, ba a yanka masa rago.

Af, kuma yaran yanzu ko gaiwa ba su sani ba. Na gaya wa ɗana akwai kifin da ke shiga laka ya kwana rani guda, mu tono shi da fartanya a busasshen tabki, ya dube ni ya ce, "Baba, a TikTok ka gani?" Shi kifi a wurinsa na kwali ne mai ƙanƙara. Wai don Allah, matar nan mai suyar tarwada da yajin ƙuli a Zango, ina ta koma? Wata biyu ke nan ban ga kaskonta ba.