A bar yaran nan su je ƙauye

Tun da hutu ya gabato wani saƙo ke yawo a zauren WhatsApp na iyayen wata makarantar Katolika da ƴar ƙanwata ke karatu. Wai iyaye Musulmi su hana ƴaƴansu bin tawagar da makarantar ke kaiwa ƙauyuka aikin taimako, domin dabarar mishan ce. Har wasu na matsa wa hukumar makarantar lamba a soke tafiyar baki ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Masu wannan magana su ne dai suka bi layi, suka biya kuɗi masu tsoka don a ɗauki ƴaƴansu. Shekara shida yarinya tana hannun sistoci suna koya mata lissafi da kimiyya, ba wanda ya ji tsoro. Sai ranar da aka ce ta ɗauki bokiti ta taya yaɓe aji a ƙauye ne imaninta zai shiga haɗari? Sistocin St. Louis sun sauka Kano tun 1948, makarantarsu ta yaye mata Musulmi bila adadin, kuma suna nan da sallarsu da azuminsu.

A duba abin da yaran ke yi. Suna fara sauka a ƙofar dagaci su kwashi gaisuwa, liman na zaune a gefe. Daga nan wasu su shiga firamaren garin, inda ɗalibai ke zaune a ƙasa, allon ma da baƙin batir ake shafe shi. Wasu su zauna da matan gida su nuna musu haɗin ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Wasu su ɗaura gidan sauro. Yarinyar da ta tashi cikin na'urar sanyaya ɗaki za ta ga sa'arta ta dawo daga rafi da jarka a ka, saboda famfon burtsatsen ya yi wata da watanni a lalace. Gani ya kori ji. Cikin waɗannan yara za a samu kwamishinoni da manyan sakatarori, kuma mun gaji da shugabannin da ba sa sanin ƙauye sai lokacin kamfe.

Masu kafa hujja da tsaro su tuna cewa a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, har da St. Mary's ta Papiri a Jihar Neja a Nuwamban 2025, cikin makaranta aka je aka kwashi yara. Babu mai hankalin da zai kai ɗalibai dajin ƴan bindiga.

Ni dai zargina, addini aka fake da shi. Wasu iyayen ƙyamar talaka suke yi, ba sa son ƴaƴansu su ci tuwo a akushi ɗaya da ɗan ƙauye, kunyar faɗa ce ta sa suka jawo batun mishan. Wannan kuwa cin mutuncin addinin ne da ya wajabta zakka, ya kuma yi wasiyya da maƙwabci.

Wanda bai natsu ba ya nemi a tafi da shi. Makarantar ta riƙe ƙauye ɗaya tana komawa duk shekara har famfon ya gyaru. Masu manyan makarantun kuɗi na Musulunci a Kano da Kaduna da Abuja kuma su fito da motocinsu a hutu mai zuwa, ƙauyukan da ke jira sun fi ƙarfin makaranta ɗaya.