Daren da baffan budurwata ya same ni ina roƙon tukunya

Taubashina direban nan shi ya ja mini. Tun zamanin da yake zirga-zirgar Kwatano ya taho da wata 'yar mesa a kwali, ya raɗa mata Gimbiya, ya yi mata akwatin gilashi a ɗakinsa. Da tafiyar Agadas ta taso masa, matarsa ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da maciji ba alhali namiji ba ya nan. Sai ga shi bayan magariba a bayan ɗan kabu-kabu, akwati a cinya.

"Taubashi, ba daɗewa zan yi ba. Ɓera guda duk kwana 10, ruwa a kwano, shi ke nan."

Kafin in ce tak ya dire ta a zaurenmu ya yi gaba. Bai dawo ba sai bayan hunturu.

Don Allah a daina cewa mesa mai haɗiye akuya na ajiye. Wannan ƙarama ce, tsawonta mita ɗaya da 'yan kai, baƙa mai zane ruwan zuma, ba ta da dafi, kuma ban taɓa ganin matsoraciyar halitta irinta ba. Ko tari ka yi kusa da ita sai ta cusa kai tsakiyar jiki ta dunƙule kamar gammo. A daji ramin ɓera da tsohon suri ne gidansu, shi ya sa taubashi ya kifa mata wata tukunyar ƙasa mai fasasshen baki a cikin akwatin, nan take wuni. Irinsu ake kwasa dubun-dubata kowace shekara daga Gana da Togo da Benin ana kai wa Turawa, su saya da kuɗinsu su yi kiwo a ɗaki. Ni kyauta aka dire mini.

Da ranar abinci ta zo na sa yaran unguwa suka kamo mini ɓera da ransa daga wajen masu hatsi na Kasuwar Dole. Na jefa shi ciki, na ja baya, har ƙannena na kira su zo kallo. Gimbiya ta leƙo, ta ɗan zaro harshe, ta koma ta dunƙule. Ɓeran ya zaga akwatin, ya sha ruwan kwanonta, ya hau kanta ya zauna yana gyaran gashin baki. Na ɗauki hoto na tura wa taubashi don mu yi dariya. Saƙon muryar da ya maido, sai da na rage sautin waya saboda Inna. Wai in fidda shi yanzu-yanzu, ɓera mai rai in ya kwana da mesar da ba ta jin yunwa shi ke cin ta, ya gaigaye mata baya ita ko ba za ta rama ba. Matacce ake ba ta, na tarko, ba wanda ya ci guba ba, kuma kada kaurinsa ya wuce inda ta fi kauri.

Nan fa kasuwa ta buɗe. Yaran da suka fara kawo mini ɓera dala biyar suka gane akwai mai bukata, ba a je ko'ina ba ya koma dala ashirin, ba ragi. Wani ɗan ƙarami mai wayon tsiya har jaba ya kawo mini, ya dube ni ido cikin ido ya ce ɓeran Turai ne.

Na ajiye mata matacce a bakin tukunya, ko kallo bai ishe ta ba. Saƙo ya sake zuwa: "Ka ɗumama shi?" Wai akwai wasu 'yan ramuka jere a leɓenta, da su take jin ɗumin jikin abin farauta ko a baƙin duhu, ɓera mai sanyi ba abinci ba ne a wurinta. A ƙulle shi a leda, a tsoma a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, sai ya kai ɗumin mai rai, wajen digiri 37. Kuma da dare, ba fitila mai haske, a riƙe shi da awartaki don kada ta ji ɗumin yatsa ta kai cizo can, a ɗan girgiza shi ta ɗauka yana motsi. Duk wannan bai faɗa ba ranar da ya ce "shi ke nan."

Ga hunturu ya kankama. Ita 'yar ƙasar damshi ce, tana son laimar iska ta haura kashi 50 cikin 100, mu kuwa a Damagaram lokacin nan leɓen mutum ma tsagewa yake. Sai na koma yi mata yayyafi safe da yamma, da dare in naɗe kwalbar ruwan zafi a tsumma in jingina gefen akwatin don wurin ya kusanci digiri 30. Inna ta tsaya a kaina wata safiya ta ce, "Ruwan da muke saye wurin 'yan garuwa kake yi wa maciji wanka da shi? Ni da na haife ka, ka taɓa tambayata ko ina jin sanyi?"

Ana haka idanun Gimbiya suka yi fari-fari da shuɗi-shuɗi, na ce shi ke nan ta makance a hannuna. Taubashi ya ce saɓa za ta yi, kuma mai shirin saɓa ba ta ci. Ta yi saɓarta tsaf, ta fito tana sheƙi, ta ci gaba da ƙin ci. Sai a lokacin ya ga damar gaya mini wai ai al'adarsu ce, in sanyi ya shigo sukan ɗaure baki wata da watanni, wata har rabin shekara, in dai ba ramewa take ba babu komai. Wasu kuma iri ɗaya tak suke kamawa, tasa ɓeran gona take so, ba na gida ba. Na ce to in bari mana. Ya ce a'a, in dai riƙa gwadawa. Na tambaye shi wai shekara nawa abin nan ke yi a duniya, ya ce 20 zuwa 30, har ya ƙara mini da cewa a gidan namun daji na Sen Luwis a Amurka wata mai shekara 62 ta yi ƙwai a 2020. Yana faɗi yana murna.

To, daren. Bayan isha'i ne, an ɗauke wuta. Daga ni sai singileti da wandon kwana. Murhun shayi na gefena garwashi ya yi ja, a kansa nake ɗumama ruwa. Tocila na rufe ta da wani jan ƙyalle don kada haske ya razana ta. Inna kuma tun magariba ta aiko da kaskon turaren wuta saboda wai zaure na ƙarnin ɓera, hayaƙi ya cika wurin. Na buɗe murfin akwatin, na durƙusa. A duhun nan gilashi ba ya ganuwa, abin da ido zai gani kawai tukunya ce a kife, da ƙato durƙushe gabanta riƙe da mataccen ɓera a awartaki yana kaɗa shi hagu da dama, yana yi masa "tsi-tsi-tsi" da baki. Kuma na gaji, shi ya sa na fara magana.

"Gimbiya, ranki ya daɗe, ki karɓa. Irin wanda kike so na kawo miki, na gona ne. Jiya kin ƙi, shekaranjiya kin ƙi. Me na yi miki? Ki karɓi wannan ki rufa mini asiri."

Sai na ji gyaran murya a bayana.

Baffan yarinyar da nake nema da aure. Alhaji da kansa, wanda aka ce shi ne waliyyinta, cikin babbar riga, carbi a hannu. Dogo, abokinmu na fadar shayi, na bayansa yana leƙowa ta saman kafaɗarsa. Sun ce sun yi sallama har sau uku. Ni dai Allah ya gani ban ji ba.

Na juyo da awartakin a sama, ɓeran na lilo tsakanina da Alhaji, ruwa na ɗiga daga wutsiyarsa. Na so in durƙusa in gaida shi, na tarar a durƙushe nake. Na ce, "Baba, sannu da zuwa, ina wuni," ɓera na ci gaba da lilo. Na rasa inda zan sa shi, sai na mai da hannu baya, ruwan ɗumi ya bi mini gadon baya.

"Lafiya lau," in ji shi, a hankali. "Yaro, da wa kake magana?"

"Da Gimbiya, Baba."

Carbin ya tsaya.

"Tana ina?"

Na nuna tukunya. "Tana ciki."

Ya ce inna lillahi, ya ƙarasa ta har ƙarshe. A nan ne Dogo, da ba wanda ya tambaye shi, ya sa baki: "Ai Alhaji kullum dare sai ya yi mata, ita ce dai ba ta karɓa."

Na ce, "Baba, wallahi ba abin da kake zato ba ne, maciji ne." Ya ja da baya taki ɗaya. Bakina kuwa ya riga ya kwance, na shiga bayani ba waƙafi: ba tawa ba ce, ta taubashina ce, ba ta da dafi, daga Benin ya taho da ita, can ma ba a kashe su, a garin Wida har ɗaki aka gina musu ana bauta musu. Ina jin kalmar "bauta" na fita daga bakina ina ganin fuskar Alhaji. Gaskiya ce fa na faɗa, ɗakin yana nan a Wida, masu yawon buɗe ido har rataya su suke a wuya. Amma da na tsaya a "ba ta da dafi" da ya wadatar.

Don in wanke kaina na ajiye ɓeran na ɗaga tukunyar. Tana nan a dunƙule, ba kai ba wutsiya. Alhaji ya kunna fitilar wayarsa, ya sunkuyo kaɗan, ina jin har ya fara tunanin ko wani ƙulli ne aka binne. Ita kuma da ta yi makonni ba ta kula kowa ba, a wannan lokacin ta ga damar warwarewa, ta miƙo kai ta bakin akwatin, ta zaro harshe daidai saitin gemunsa. Ban san mutum mai shekarunsa, cikin babbar riga, zai iya fita ƙofar zaurenmu da irin wannan sauri ba. Daga titi na jiyo "sai da safe." Takalminsa ƙafa ɗaya ya kwana wurinmu.

Yanzu bari in zo kan Dogo, don shi ne abin da ke cin raina, ba macijin ba. Alhaji fa bincike ya fito. Ya tsaya a fadarmu ya tambayi halina, kowa ya faɗi alheri, magana ta ƙare, har ya juya zai tafi. Dogo ne ya miƙe ya ce, "Alhaji, ga gidan nan kusa, mu je ka gan shi da idonka, yanzu haka karatu yake." Karatu! Mutumin da da yammar nan a gabansa na sayi ɓeran, har ya taya ni ciniki. Dogon da tun da aka kafa fadar nan bai taɓa sayen sukari ba, amma kofin farko nasa ne. Dogon da muka je biki Mirriya a babur ɗina, da aka zo shan mai ya ce aljihunsa na cikin ɗayan wandon. Da safe a fada ɓeran nan ya zama baƙin zakara. Kafin kasuwar Alhamis ya zama ɗan akuya, wai kuma da wani yare nake magana ba Hausa ba. Da labarin ya shiga Birni ya dawo, aljana gare ni mai ba ni kuɗi. Wani mai sayar da atamfa har gida ya same ni, ya yi ƙasa da murya, wai in taimaka masa kasuwa ta tsaya. Da na tare Dogo sai ya dafa ƙirji ya ce shi yabona ya je yi, kuma ai bai yi ƙarya ba, kullum dare ina yi mata. Har yanzu in na shigo fada sai ya yi "tsi-tsi-tsi" cikin kofin shayi, ya ce zafi ne ya ƙona shi.

Sai da Inna da gwaggona suka je gidan su yarinyar, taubashi kuma ya kira Alhaji daga Agadas ya yi rantsuwa. An aiko yaro karɓar takalmi, ya ƙi shiga zauren, ta ƙofa na miƙa masa. Magana dai ba ta lalace ba, ana nan ana yi. Ita kuwa wadda kuka sani, duk kiran da za ta yi mini sai ta fara da, "Kishiyata ta ci abinci?"

Ta ci, daga baya. Zafi ya fara dawowa, wani dare na jefa mata ɓeran gona ko girgizawa ban yi ba, na tafi fada. Na dawo na tarar ta kama shi ta wutsiya, ƙafafu sun tokare mata baki, ta tofar, ta zagayo ta kai yadda ya kamata. Muƙamuƙinta na ƙasa ba haɗe yake a haɓa ba, gefe ɗaya ya matsa, ɗayan ya biyo, har ɓeran ya shige. Na tura wa taubashi, ya ce kada in taɓa ta sai bayan kwana 2 don kada ta yi amai. Wai ni. Da ya dawo ya ɗaga ta ya auna a hannu ya ce ta ɗan faɗa, me nake ba ta.

Wanda ya ga Dogo ya ce masa cajar wayata nake so, ta asalin, ba wadda ya aiko ba.